Tsakuwa Uku Masu Lilo: Ƙananan Siffofin da Ke Maimaita Kansu a Wasan Rayuwa

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa.

Ku dubi allon nan da kyau. Ɗigo uku ne a jere, a kwance. Ga su sun miƙe tsaye. Ga su kuma sun sake kwantawa. Ba ni nake juya su ba, kuma babu wanda ya rubuta wa kwamfuta umarnin ta riƙa juya su. Da za mu bar na'urar nan a kunne har shekara dubu, haka za su yi ta yi, kwance, tsaye, kwance, tsaye, ba su ƙaru ba, ba su ragu ba, ba su gusa daga wurinsu ba. Yau so nake mu bi sawun wannan lilo har mu ga inda ya samo asali. Daga nan mu gaisa da 'yan uwansa manya da ƙanana, sannan in ba ku labarin wata tambaya a kansu da ta ɗauki masana shekara 53 kafin su amsa ta.

Wasan da kuke gani sunansa Wasan Rayuwa. Wani masanin lissafi ɗan Ingila, John Conway, shi ya ƙirƙiro shi a Jami'ar Kambirij, ya kuma bazu a duniya a watan Oktoba na 1970, lokacin da Martin Gardner ya yi bayaninsa a shafinsa na wasannin lissafi a mujallar Scientific American. Tunanin ya girmi Conway. Tun a shekarun 1940 John von Neumann da Stanislaw Ulam suka fara nazarin allo mai gidaje wanda kowane gida ke sauya halinsa gwargwadon halin maƙwabtansa. Sai dai a tsarin von Neumann kowane gida yana iya shiga hali 29 daban-daban, abin da ba ya biyuwa da hannu. Conway ya rage su zuwa biyu: ko gida yana da rai, ko ba shi da shi. Shi da abokan aikinsa ma ba da kwamfuta suka fara ba. A kan allon Go, wato irin darar mutanen Sin da Japan, suka yi ta jera 'ya'yan wasa suna kwashewa da hannu.

Don haka ku ma ba sai kun mallaki kwamfuta ba. Duk wanda ya taɓa tona gidajen dara a ƙasa ya riga ya san allon. Ku dai ɗauka gidajen ba su da iyaka, gabas da yamma, kudu da arewa. Gidan da ke da tsakuwa shi ne mai rai. Kowane gida yana da maƙwabta 8: na sama, na ƙasa, na dama, na hagu, da huɗun da ke kusurwoyi. Kada ku manta da na kusurwoyin nan, nan ne akasarin masu koyo suke yin kuskure.

Ga dokar. Gida mai rai, in yana da maƙwabta masu rai 2 ko 3, ya tsira. In ba su kai 2 ba, kaɗaici ya kashe shi. In sun wuce 3, cunkoso ya kashe shi. Gidan da babu kowa kuwa, in maƙwabtansa masu rai sun cika 3 cif, sai a haifi sabuwar tsakuwa a cikinsa. Shi ke nan dokar, babu ƙari. Sharaɗi guda ne kawai: duk gidajen suna yanke hukuncinsu lokaci ɗaya. Ba za ka cire wannan tsakuwa sannan ka je ka ƙirga wa maƙwabciyarta ba. Sai ka gama ƙirga wa kowa, sannan a kwashe matattu a zuba jarirai gaba ɗaya. Wannan sauyi guda shi za mu riƙa kira taki ɗaya. In da hannu kuke yi, ku nemi tsinke ku soka a gidan da zai mutu, ku ajiye ƙwallon dabino a gidan da za a yi haihuwa, sai kun gama zagaya allon sannan ku aiwatar.

To mu koma kan tsakuwarmu uku. A dara, jera uku shi ne ci. A nan kuwa jera uku shi ne mafarin lilo. Mu ƙirga tare, a hankali.

Ta tsakiya tana da maƙwabta biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Ta tsira. Ta dama fa? Maƙwabciyarta ɗaya ce tak, ta tsakiya. Ta mutu. Ta hagu ma haka. Yanzu ku dubi gidan da ke saman ta tsakiya, wanda babu kowa a ciki. Ta tsakiya tana ƙarƙashinsa, ta dama tana kusurwarsa, ta hagu tana ɗaya kusurwar. Uku cif, an yi haihuwa. Gidan da ke ƙasan ta tsakiya ma uku yake gani, shi ma an yi haihuwa. Gidan da ke saman ta dama kuwa biyu kawai yake gani, don ta hagu ta yi masa nisa, saboda haka ya zauna wayam. Mu aiwatar: biyu sun tafi, biyu sun zo, layin da ke kwance ya miƙe tsaye. A taki na gaba lissafin nan dai za a sake yi, sai dai a juye, layin ya koma kwance.

Turawa suna kiran wannan siffa bilinka, wato mai ƙifta ido, mu kuma mu ce mata Mai Ƙiftawa. Duk siffar da ke barin kamanninta ta sake dawo masa a wuri guda bayan wasu taki, ita muke kira mai lilo, adadin takin kuma shi ne zagayenta. Zagayen Mai Ƙiftawa taki 2 ne. Babu mai lilo da ta fi ta ƙanƙanta, don tsakuwa ɗaya ko biyu mutuwa suke yi nan take.

Akwai abin da nake so ku lura da shi, domin da shi za ku riƙa karanta duk sauran. Tsakuwar tsakiya ba ta taɓa mutuwa. Gidaje huɗun da ke kewaye da ita su ne ke kunnuwa suna mutuwa. Masu nazarin wasan sun raba jikin mai lilo gida biyu: ɓangaren da ke tsaye kyam, da ɓangaren da ke motsi. Na tsayen kamar turke yake. Cire shi, motsin ya watse.

Ku dubi wannan ta biyu, a cikinta abin ya fi fitowa fili. Tsakuwa huɗu a dunƙule, biyu sama biyu ƙasa, ana ce musu bulo. Kowace tana da maƙwabta uku, babu mai mutuwa, babu haihuwa, bulo yana nan daram har abada. Amma ku ajiye bulo biyu kusurwa da kusurwa, suna taɓa juna da ƙyar. Tsakuwa biyun da suka haɗu a tsakiya, kowace tana da uku na gidansu, ga kuma ɗaya ta maƙwabta, huɗu ke nan. Cunkoso ya ɗauke su, saura tsakuwa 6. Da suka tafi, kowane gurbi ya koma yana ganin uku kacal, sai a sake haihuwa a ciki, a dawo 8. Takwas, shida, takwas, shida. Wannan ita ce Fitila, don haka take yi kamar fitilar da ake kunnawa ana kashewa daga nesa. Tsakuwa shida ne turke, gidaje biyu ne kawai ke motsi. Ni dai a cikin ƙananan ita ta fi burge ni, saboda kowane bulo shi kaɗai ba ya ko motsi, kusantar juna ce ta sa musu numfashi.

Sai Kwaɗo, wanda Simon Norton ya gano a 1970. Layi biyu ne na tsakuwa uku-uku, ɗaya bisa ɗaya, an ɗan gusar da na saman da gida guda. Huɗun ciki suna mutuwa da cunkoso, a haifi huɗu a waje, sai ya buɗe kamar kwaɗo ya kumbura maƙogwaro, a taki na gaba ya sake tsukewa. Tsakuwa 6 ne a kowane hali.

Yanzu ga tambayar da ya kamata mai hankali ya yi. Dokar nan ba ta ambaci maimaici ba ko sau ɗaya. Haihuwa da mutuwa kawai ta sani. Me ya sa ake samun lilo?

Ku zana akwati mai gida uku a tsaye, uku a kwance, gidaje 9 ke nan. Kowane gida ko da tsakuwa ko babu. In kun jera 2 guda tara kuka ninka su da juna za ku samu 512, wato iyakar yawan hanyoyin da za a iya jera tsakuwa a akwatin. To a ce wata siffa tana ta sauyawa amma ba ta taɓa leƙawa wajen akwatin ba. Ko ta yi shekara tana sauyi, kamannin da take da su ba su wuce 512 ba, dole wata rana ta dawo kan wanda ta taɓa yi. Kuma wasan nan babu sa'a a cikinsa, babu caca. Hali iri ɗaya, abu iri ɗaya yake haifarwa kullum. Da zarar ta taka tsohon sawunta, duk abin da ya biyo baya a karon farko shi zai sake biyowa. Ko akwatin ya kai gida 10 sau 10, inda yawan jerin ya zama lamba mai alƙaluma 31, hujjar ba ta sauya ba. Saboda haka duk siffar da ta zauna cikin iyaka, ƙarshenta ɗayan uku ne: ta ƙare ƙurmus, ta daskare kamar bulo, ko ta shiga lilo. Mafita ɗaya ce, ta bar akwatin, kamar yadda wata siffa mai tsakuwa 5 da ake kira gilaida take yi. Ita bayan kowane taki 4 takan dawo kamanninta, amma ta gusa gida guda ta kusurwa, haka za ta yi ta rarrafe har ta ɓace wa gani.

Shi ya sa in kuka watsa tsakuwa barkatai a allo kuka bar su, za ku ga an yi ta tafasa ana rikici, daga baya ƙura ta lafa, a bar abin da masu wasan suke kira toka: bulo nan, bulo can, da ƙananan abubuwa suna ta ƙiftawa a tsakaninsu. Akwai wata siffa mai tsakuwa 5 kacal, mai kama da harafin R, wadda sai ta yi taki 1103 tana hargitsi kafin ta natsu. A cikin tokar da ta bari akwai Mai Ƙiftawa guda 4. Wani masani, Adam Goucher, ya kafa wata ƙidaya mai suna Catagolue, inda kwamfutocin masu sa kai daga ƙasashe daban-daban suke watsa tsakuwa a fili mai gida 16 sau 16, sau biliyoyi, suna rubuta abin da ya saura. A cikin masu lilo, Mai Ƙiftawa ce kan gaba da tazara mai nisa, sai Kwaɗo, sai Fitila.

Ta huɗu a jerin nan abin mamaki ce, don ba ƙarama ba ce. Ku dube ta. Ɓangare huɗu ne masu kama da juna, suna fuskantar juna kamar zanen da aka yi wa ƙofar gida, kuma zagayenta taki 3 ne. A hali na farko tsakuwarta 48, a na biyu 56, a na uku 72, sannan ta dawo 48. Conway ne ya gano ta a 1970, aka sa mata suna Fulsa, sunan wasu taurari masu aiko da sigina a kan ƙa'ida kamar bugun zuciya, waɗanda Jocelyn Bell ta fara ganowa a nan Kambirij ɗin a 1967. Akwai masu zagayen taki 3 da suka fi ta ƙanƙanta sosai, kamar wata mai tsakuwa 12 da Dean Hickerson ya gano a 1989, amma ba kasafai suke fitowa da kansu ba. Fulsa kuwa, duk girmanta, tana yawan ɓullowa daga hargitsi, saboda akwai ƙananan siffofi da in an bar su sai su buɗe su zama ita. Ashe ƙanƙanta daban, sauƙin samuwa daban.

Mu yi wani gwaji mai daɗi. Mu riƙa jera tsakuwa a layi ɗaya muna ƙara tsawonsa. Uku, kun sani, Mai Ƙiftawa. Huɗu, sai su dunƙule su daskare su zama wata siffa mai tsakuwa 6 da ake kira amya. Biyar, sai su fashe su zama Mai Ƙiftawa guda huɗu suna kewaye da fili, kamar danja a mararraba. Shida, su yi ta fama su mutu duka, ko ɗaya ba ta saura. Bakwai, amya huɗu. Babu yadda za ka kalli layin ka faɗi makomarsa sai ka bi shi taki-taki. To ga goma. Ku zuba ido.

Kun ga yadda ta kumbura, ta rabu kamar za ta tsinke gida biyu, ta watsa ɗigo a gefe, sannan ta tattaro kanta? Wannan zagayenta taki 15 ne, kuma daga kalmar sha biyar ta Girkanci aka samo sunanta. Mu ce mata Mai Sha Biyar. Ɗigon nan da take watsawa a gefe su mutu nan da nan, su ake kira tartsatsi, kuma suna da amfani ƙwarai. Tartsatsi yana iya taɓa wata siffa da ke wucewa ba tare da mai lilon ta lalace ba. In gilaida ta iso wa Mai Sha Biyar ta inda ya dace a lokacin da ya dace, tartsatsin zai juya ta ta koma inda ta fito. Daga nan ne masu lilo suka tashi daga abin kallo suka zama kayan aiki.

Misali mafi shahara ya zo tun a watan Nuwamba na 1970. Conway ya yi hasashen cewa babu siffar da za ta yi ta ƙaruwa ba iyaka, ya sa kyautar dala 50 ga duk wanda ya tabbatar da hakan ko ya ƙaryata. Bill Gosper da abokansa a cibiyar fasaha ta MIT a Amurka suka ɗauki wasu siffofi biyu masu kai da komo a zagayen taki 30, suka jera su ta yadda duk haɗuwarsu a tsakiya sai ta haifi gilaida. Wannan siffa da ake kira bindiga tsakuwa 36 ce, tana harbo gilaida ɗaya duk bayan taki 30, ba fashi. Suka karɓi kuɗinsu. Da irin waɗannan bindigogi ne daga baya aka nuna cewa ana iya gina kwamfuta sukutum a cikin wasan, masu lilo suna riƙe mata lokaci kamar agogo.

Yanzu mun ga zagayen 2, da 3, da 15, da 30. An samu na 4, na 5, na 8 tun da wuri. Sai tambaya ta taso: shin kowace lamba tana da mai lilonta? In na ce ina son wadda za ta dawo bayan taki 17 daidai, ko 100, akwai ta?

Wata dabara tana zuwa a rai nan da nan. Ajiye Mai Ƙiftawa a gefe, Fulsa a gefe, ba sa taɓa juna. Ɗaya 2, ɗaya 3, sai bayan taki 6 za su dawo tare. Masu wasan suka ce wannan ba ta shiga lissafi, kuma ina ganin gaskiyarsu, don babu gida ko ɗaya a ciki da ke yin zagayen 6 da kansa. Dole a samu aƙalla gida guda da ke bin cikakken zagayen.

Manyan lambobi, abin mamaki, su suka fi sauƙi. Dabarar ita ce a gina hanya mai zagayowa, a saki wani abu ya riƙa bin ta, sai a daidaita tsawon hanyar da yawan masu bin ta. David Buckingham ya yi wannan a 1996, ya rufe duk lambobin da suka kama daga 61 zuwa sama. A 2013 Mike Playle ya gano wata ƙaramar siffa daskararriya da ake kira Sinak, wadda in gilaida ta buge ta sai ta karya kwana, siffar kuma ta gyara kanta ta shirya karɓar wata bayan taki 43. Jera huɗu a kusurwoyi huɗu, ka sami fili da gilaida za su yi ta kewayawa. Da wannan, duk lamba daga 43 zuwa sama ta samu.

Ƙananan lambobi kuma an same su da bincike, wasu da hannu, wasu da manhajojin da ke laluben jeri bayan jeri. Tsakiyar ce ta yi gardama. Lambobin sun yi wa lalube girma, sun kuma yi wa hanya mai zagayowa ƙanƙanta. Aka yi ta cike su ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru, akasari ta hannun mutanen da ba aikinsu ke nan ba, sha'awa ce kawai ta haɗa su a intanet. Aka wayi gari saura biyu: 19 da 41. Dukansu lambobi ne da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu, don haka babu ƙananan zagaye da za a harhaɗa a kai gare su. A watan Yuli na 2023, cikin kwanaki kaɗan, aka samu ta 19, aka samu ta 41. A watan Disamba na shekarar mutum bakwai suka fitar da takardar da ta tattara hujjar cewa a Wasan Rayuwa kowace lamba tana da mai lilonta. Conway bai ga wannan rana ba, cutar korona ta yi ajalinsa a watan Afrilu na 2020 a Amurka, yana da shekara 82. An san ya daɗe yana jin cewa wasan ya rufe sauran manyan ayyukansa na lissafi, amma ina jin da ya ga amsar nan da ta faranta masa rai.

Aikin bai tsaya ba, don samun mai lilo daban, samun mafi ƙanƙanta daban. Wadda ta rufe lamba 41 tsakuwarta ta haura 200, kuma har yanzu ana ta neman ƙanana ga lambobi da dama.

In kuna son gwadawa, akwai manhaja kyauta mai suna Golly da ke aiki a kwamfuta da waya. Amma shawarata ku fara a ƙasa, da tsakuwa da tsinke da ƙwallon dabino. Ku yi Mai Ƙiftawa, ku yi Fitila, ku yi Kwaɗo, kuna ƙirga maƙwabta da bakinku. In hannunku ya faɗa, ku share fili mai faɗi, aƙalla gida 20 a tsaye 20 a kwance, ku jera tsakuwa goma a tsakiya. Layin goman da kansa ba zai sake dawowa ba, ƙofar shiga ce kawai. Bayan taki biyu ko uku sai ku zana siffar da kuke gani a takarda, ku ci gaba da ƙirgawa daga nan. In ba ku yi kuskure a kusurwoyi ba, a taki na 15 za ku ga abin da ke ƙasa ya yi daidai da abin da ke takardar.

Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, inda za mu bi gilaida mu ga yadda tsakuwa biyar suke tafiya ba ƙafa. Ku huta lafiya.